Abin da Malam Ya Ce Kar a Rubuta

Ranar Talata ce da hantsi. Ina tsaye a kan tukunyar da nake turara shinkafar sayarwa, hayaƙi yana cin idona, sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Na san ƙarar babur ɗin mijina, Malam Ari, yana da wani tari da yake yi kafin ya yi shiru. Wannan ba shi ba ne.

Badamasi ne ya shigo, ƙaninsa. A hannuna ya girma, kuma tun yana yaro bai taɓa shigowa gidan nan bai tsokane ni ba. In bai ce tuwona ya yi tauri ba, zai ce miyata ba ta ji gishiri ba. Ranar ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a tsakar gida riƙe da hular Malam, ya ce, "Ya Gumsu, sai haƙuri."

Malam ya tafi Haɗeja ne da safe ya tambayo kuɗin kwanon rufi. A gaban shagon ya yanke jiki ya faɗi. Aka sa shi a adaidaita, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Shinkafar da ke kan wuta ta ƙone, maƙwabciyata ce ta sauke ta.

Da aka kawo mini kayan aljihunsa, akwai carbi, da rabin goro, da naira dubu biyu da ɗari uku, da wata takarda da aka naɗe gida huɗu. Ni ban yi boko ba, na allo ma ban yi nisa ba. Na sa takardar a ƙarƙashin tabarmata har ɗiyata 'Yar'azumi ta iso daga Birniwa, inda take aure. Ita kaɗai Allah ya bar mana. Ta duba ta ce, "Ƙiyasin gini ne, Inna. Tasi'u magini ne ya rubuta."

Ƙauyenmu a bakin kogi yake. Shekara biyu kafin wannan, ciyawar kacalla ta cika hanyar ruwa, kogi ya rasa inda zai bi, jinga ta ɓalle, ruwa ya shigo gari. Ɗakunanmu uku na ƙasa ne. Biyu suka jiƙe daga gindi suka zauna muna kallo. Na ukun ya tsage daga sama har ƙasa, Malam ya tokare shi da gwafa uku, a ciki muka ci gaba da kwana. Tun daga nan ba shi da wata magana sai ta gini. Ya yi noman rani shekara biyu a jere. Na farko ya tafi a kuɗin injin ban ruwa da mai. Na biyu ya kawo buhu goma sha shida na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, sati biyu kafin ya rasu.

Malam ba ya lissafi da naira. Yakan ce naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, shinkafa kuwa in kaya sun tashi ita ma tana ɗan bin su. Sai ya jera buhunan a kan katako a zaure, ya ɗauki gawayi ya yi wa kowanne alama. Biyar ya zana musu ɗan akwati, na bulo ke nan. Huɗu ya yi musu da'ira, na siminti. Huɗu ya ja musu layi biyu, kwano da katako. Ukun da suka rage ya zana musu hannu mai yatsu biyar, ladan magini da ƙofa da taga. Ya kira ni ya nuna mini, yana dariya, ya ce, "Ga ɗakunanki biyu nan a kwance, saura a tashe su."

Bayan sadakar bakwai liman ya raba gado. Ni na samu buhu biyu, 'Yar'azumi takwas, Badamasi shida. 'Yar'azumi ta ce nata a yi ginin da su. Badamasi ma ya ce ba zai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, a yi abin da Yayansa ya yi niyya. Na ji daɗi, na ɗauka magana ta ƙare.

Lokacin an fara yayyafin farko. Ni kuma na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma a ɗakin mijina, ba kasuwa, ba unguwa. Na ƙirga da yatsu, na ga kogi zai cika ya kawo ina cikin takaba. Ɗakin nan mai gwafa ba zai ga ƙarshen damina ba, kowa ya sani. 'Yar'azumi ta ce in lalura ta kai, malamai sun ba da dama, sai ta tafi da ni Birniwa. Na ce mata in je in zauna a gidan surukina, yana ciyar da ni, in bar gidan da na yi shekara talatin da ɗaya a ciki, da maƙabartar da nake hango itatuwanta daga bakin zaure? Na ce a kira mini Tasi'u.

Ya zo bayan la'asar ya tsuguna a tsakar gida. Ni ina cikin ɗaki bayan labule, 'Yar'azumi tana bakin ƙofa da takarda. Ya yi mini ta'aziyya, muka yi addu'a. Na ce, "To Tasi'u, ga takarda, ga shinkafa. Yaushe za ka fara?"

Na ji yana wasa da tsakuwa.

"Ya Gumsu, takardar nan ta kwana biyu. Siminti ya ƙara ɗari bakwai a kowane buhu tun da na rubuta ta. Yanzu ƙiyasi in ya wuce sati biyu sai an sake shi."

"Wannan mai sauƙi ne. Sai me?"

"Sai abin da babu a ciki."

Na ce wa 'Yar'azumi ta karanta. Ta karanta bulo, siminti, kwano bandir biyu, katako, ƙusa, ƙofa, taga, aikin hannu. Na ce ai ni ban ji abin da ya rage ba.

Tasi'u ya ce, "Kin ji yashi?"

Ban ji ba.

"Kin ji ruwan kwaɓi? Kin ji lebura? Kin ji ciko?"

"Me ya sa ba ka rubuta ba? Mantawa ka yi?"

"Wallahi ban manta ba. Na ɗora biro zan rubuta yashi, Malam ya riƙe mini hannu. Ya ce kar in rubuta, yana da amalanke, zai ari shanun Badamasi, yashi ga shi nan a bakin kogi. Na ce ruwa fa, ya ce yana da inji. Na ce lebura biyu, ya ce shi ɗaya ya isa biyu, in ban yarda ba in zo mu gwada. Ciko ma ya ce shi zai riƙa kawowa kullum bayan asuba har ya cika."

Da na ji wannan sai na ji kamar muryarsa ce a tsakar gidan. Haka yake magana. Na ce, "To rubuta su yanzu. Ka riƙa faɗa mini da buhu, ni ban san dubu ɗari-ɗari ba."

Ya karɓi takardar ya juya bayanta. Yashi da ɗaukarsa, buhu ɗaya. Lebura biyu na kwana ashirin da abincinsu, buhu biyu da rabi. Mai na injin ruwa da wanda zai tsaya a kansa, rabin buhu. Da ya zo kan ciko sai ya tsaya.

"Wannan ya danganta da tsayin da ake so. In irin na kowa ne, layi ɗaya na bulo a kan ƙasa, ba wani abu ba ne. Amma Malam ya ce mini yana da ma'auninsa, ranar da za a ja igiya zai nuna mini."

Na san ma'aunin. Na tashi na zaro wata gora daga bayan gado, na miƙa ta ta gefen labule. Ranar da ruwa ya kai ƙarshen cikarsa a gidan nan, Malam ya tsaya a tsakar gida a cikinsa, ya kafa gorar nan a ƙasa, ya tsaga ta da wuƙa daidai inda ruwan ya tsaya. Daga baya ya auna taƙi ɗaya a sama ya sake tsagawa, ya ɗaura jan zare. Ya taɓa jingina ta a jikina, zaren ya zo mini ƙugu. Ya ce, "Daɓen ɗakinki a nan zai tsaya."

Tasi'u ya auna da tef ɗinsa, ya yi salati. "Kusan kamu biyu! Wannan ai layi huɗu ne na babban bulo kafin a fara ɗaki, a cika cikinsu da siminti. Ƙasar ciko kuma amalanke sittin ba za ta ishi ɗaki biyu ba."

"Buhu nawa?"

"Da ƙarin bulo da simintin, ki ce huɗu."

'Yar'azumi ta haɗa. Buhu takwas ne ba a rubuta ba. Na zauna ina juya abin. Shekara talatin da ɗaya ina ganin mutumin nan yana fita da asuba yana dawowa da laka har gwiwa, ban taɓa tunanin aikinsa yana da kuɗi ba. Sai ga shi a bayan takarda, rabin abin da muka tara gaba ɗaya. Na ce, "Ashe Malam buhu takwas ne." Tasi'u ya ce, "Ya fi, Ya Gumsu. Na rage miki ne." Na yi dariya, ita ce ta farko tun ranar Talatar nan, daga nan kuka ya ƙwace mini. Suka bar ni har na gama.

Da na share fuska na ce ya faɗa mini gaskiya, sha shida me za su yi. Ya ce hanya biyu ce. Ko ɗaki biyu a kan ƙasa kamar na kowa, da filasta a ciki, a matse a yi lebura ɗaya. Ko ɗaki ɗaya a kan jan zaren Malam, babu filasta, bulo tsirara ciki da waje. Ya ƙara da cewa ko wanne na zaɓa in ware buhu ɗaya in manta da shi, domin bai taɓa yin ginin da wani abu bai ɓullo daga baya ba.

Na ce ɗaki ɗaya.

Washegari Badamasi ya zo, labari ya riga ya kai masa. Shi ɗan gida ne, a bakin ƙofa ya zauna.

"Ya Gumsu, me nake ji? Takarda ta ce ɗaki biyu. Yaya da bakinsa ya ce mini ɗaki biyu."

"Ya ce. Da yana nan da biyu za a yi."

"To a yi biyun mana! Ruwan nan ba kowace shekara yake zuwa ba. Bara ai bai shigo ba. Za ki kwashe shinkafa buhu-buhu ki binne a ƙasa, inda ba mai gani?"

"Ba don a gani nake yi ba, don in kwana nake yi."

"Ke ba ki san mutanen garin nan ba? Gobe za a ce Badamasi ya cusa matar wansa a ɗaki ɗaya kamar rumbu, ko shafe babu, ya cinye sauran. Da wane ido zan shiga masallaci?"

A nan na gane abin da ke damunsa. Na tura masa gorar na ce ya tashi ya jingina ta a jikinsa. Ya ƙi. Na ce, "Kai ne fa ka riƙe masa kafaɗa ranar da yake tsaga ta, don kar ruwa ya ja shi. Takarda ta Tasi'u ce. Wannan ita ce ta Yayanka."

Ya ce, "In haka ne ni ba da shidana ba."

"Ɗauki shidanka, halalinka ne. Ban riƙe ka ba."

Ya tashi ya fita. Tasi'u ya riga ya gaya mini buhu goma ba za su kai ni rufi ba. Duk da haka na sa aka kai biyar kasuwa, aka sayo bulo da siminti, aka ja igiya aka fara haƙa. Na ce ko bango ne kawai a tsayar, na rufa da tamfol. Kwana uku Badamasi bai leƙo ba, buhunansa kuma suna nan a zaure ba wanda ya zo ɗauka. Harsashi ya tashi layi huɗu, ya zama kamar wani babban kwami a tsakar gida. Mata masu zuwa gaisuwa suna kallo suna taɓa baki. Wata ta tambayi 'Yar'azumi ko kifi za mu yi kiwo.

Ranar Juma'a da sassafe, ranar da maza ba sa zuwa gona, na ji ƙarar ƙafafun amalanke da muryoyi. Na leƙa ta tsagar bango. Amalanke bakwai ne a jere, kowace cike da jar ƙasa, an rushe gefen danga suna shigowa. Badamasi yana gaba da shebur a kafaɗa. Ashe kwana ukun nan gida-gida ya bi yana kiran gayya. Duk mutanen da Malam ya yi shekaru yana cika buhunan yashi tare da su a kan jinga, su ne suka zo, a tsakiyar lokacin huɗa, da shanun da ya kamata su huta.

Badamasi ya tsaya a bakin ƙofata ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Matarmu! Ga masu binne shinkafa sun iso. A ɗora tukunya, kuma don Allah yau a sa gishiri."

Na ce daga ciki, "Malalaci, ka fara zuba shebur goma tukuna in ga ko ka ci abincin."

Mutane suka yi dariya. Rabon da ya kira ni matarmu tun Malam yana da rai. Maganar shidansa kuma bai sake tayar da ita ba, da su aka ƙarasa ginin.

Juma'a biyu suka yi. Suna zubawa, ana yayyafa ruwa, samari suna daddaɓewa da turmi da guntun katako. Tasi'u yana tsaye da gorar, duk wanda ya ce ya isa sai ya kafa ta ya nuna masa jan zare. Ni da 'Yar'azumi da maƙwabta muka dafa shinkafa da wake, buhu guda ya tafi a nan, amma abin da gayyar ta rage mana ya fi haka. Da shi Tasi'u ya fitar mini da 'yar baranda a gaban ɗakin, ita ma a kan tsayin zaren, da matakala huɗu.

Buhun da aka ce in manta da shi bai daɗe a mance ba. Ruwan sama ya daki siminti buhu biyu suka daskare. Ƙusa ta ƙare ana tsakiyar rufi. Ƙofar da aka sayo ta fi ramin da aka bar mata faɗi, sai da aka kira mai walda. Ranar da aka buga kwanon ƙarshe babu ko mudu ɗaya a zaure, sai buhunan da aka zazzage. Na kwashe kayana na hau. Kwana tara bayan nan aka yi ruwa mai iska da rana tsaka, tsohon ɗakin ya kwanta da gwafanninsa.

Kogi ya kawo saura kwana ashirin in fita takaba. Bai kai na waccan shekarar ba, amma ya shigo gari. Ina zaune a baranda ina kallonsa ya ci matakala ta ɗaya, washegari ta biyu. A rana ta huɗu ya lashi ta uku ya tsaya. Gidan Badamasi yana gangare, ruwa ya shiga masa har gado. Ya kawo matarsa da 'ya'yansa huɗu a kwalekwale, da awaki biyu da buhunan gero. Mu shida muka kwana goma sha ɗaya a ɗakin nan, awaki da gero a baranda, shi kuma yana kwana a makarantar firamare tare da sauran maza. Kullum in ya zo da safe sai ya shafa bangon ya ce, "Har yanzu dai ba filasta." Ni kuma in ce, "Ka ga ƙafarka a bushe ko?"

Yanzu shekara ɗaya da wata biyar ke nan. Bangon yana nan tsirara, in na jingina yana kartar mini baya, ƙadangaru suna shiga ramukansa. Gorar tana rataye a saman ƙofa. Na koma turara shinkafa ina sayarwa. Na tambayi Tasi'u filasta nawa za ta ci, ya ce buhu biyu, na ce ya faɗa mini har da abin da ba a rubutawa, ya yi dariya ya ce uku.

A cikin buhunan da aka zazzage na ajiye ɗaya daga masu da'ira, na siminti. Gawayin ya fara gogewa. Ban bi ta kansa ba, na zana tawa da'irar a gefe, ta fito a karkace. Kullum da safe, kafin in hura wuta, nakan ɗebi shinkafa cikin gwangwanin madara in zuba a ciki, in ɗaure bakin. Jiya na ɗaga shi na ji ya kusa rabi.